"Vested in" ne ko "vested on" ko "vested with"? Amsa ga sakataren da ke rubuta tsarin mulkin ƙungiyarsu

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da daddare amma na bari sai da na samu natsuwa, don ba tambayar da za a amsa da layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su san zancen ba, shi wannan bawan Allah sakatare ne na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, an ɗora masa aikin rubuta musu tsarin mulki da Turanci, sai ya rubuta "The power to sign cheques shall be vested on the Chairman", wani a kwamiti ya ce kuskure ne "in" ake cewa, wani kuma ya ce a'a "with" ne, gardama ta kaure har aka tashi ba a tsayar da magana ba. Shi ne yake tambaya wanne ne daidai, kuma mene ne bambancin wannan kalma da "conferred".

To ga amsar a gajarce tukuna. Wanda ya ce "in" shi ne da gaskiya a wannan jimlar taka. Wanda ya ce "with" shi ma bai yi ƙarya ba, sai dai idan za ka yi amfani da "with" dole ka juya jimlar ta dawo ta wani gefen. "On" kuwa cire shi gaba ɗaya, ba ya tafiya da "vest", duk da na san ka sha ganinsa a jaridu da takardun ofis, ni ma na sha gani har a takardun da lauyoyi suka sa wa hannu.

Abin da za ka duba kawai shi ne, wa ka fara ambata a jimlar, ikon ko mutumin? In iko ne a gaba, to "in" ne: "The power is vested in the Chairman". In kuma mutumin ne a gaba, to "with" ne: "The Chairman is vested with the power". Magana ɗaya ce, ma'ana ɗaya, kamar dai ka ce an zuba ruwa a tulu, ko ka ce an cika tulu da ruwa. Ka ga "a" ɗin can shi ne "in", "da" ɗin nan kuma shi ne "with". Ba za ka ce an cika ruwa da tulu ba ai, to haka in ka rubuta "the power is vested with the Chairman" kunnen wanda ya saba da harshen doka zai ji kamar ka ce ikon ne aka yi wa naɗi aka ba shi ciyaman. Ana samun masu rubuta hakan, amma kar ka bi su a takardar da wata rana za a iya kai ta gaban alƙali.

Shi kuma "on" ɗin nan na daɗe ina lura da inda yake fito mana, kuma a ganina hanya biyu ce. Ta farko harshenmu ne, mu a Hausa iko da nauyi ɗora su ake yi, an ɗora masa nauyi, abin yana kansa, ya rataya a wuyansa, to da ka zo Turanci hannunka da kansa zai kai ga "on" ba tare da ka yi shawara da shi ba. Ta biyu kuma maƙwabciyarta ce "confer", don ita da "on" take tafiya, "conferred on him" ko "conferred upon him", kuma a takardun doka su biyun kusan kullum suna layi ɗaya ko sakin layi ɗaya, sai mutum ya ɗauko hular wannan ya sa wa waccan. Ba rashin ilimi ba ne, amma kuskure ne dai, a gyara.

Yanzu bari in kai ka asalin kalmar, don in ka gane asalin ba za ka sake buƙatar haddace komai ba. "Vest" daga Latin ta fito, "vestis" tufa ce, "vestire" kuma tufatarwa, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shigo Turanci. Ita ce dai kalmar da Turawan Ingila ke kiran singileti da ita, Amurkawa kuma suke kiran 'yar falmaran da ake sawa a ƙarƙashin kwat. Wato in an ce an yi "vesting" ɗin mutum da iko, hoton da ke ƙasan maganar shi ne an sa masa riga. A Turai ta zamanin da, ba a ba mutum gona ko muƙami da baki kawai, sai an haɗa da abin da ido zai gani, a Ingila mai sayar da fili zai tsaya a cikin filin gaban shaidu ya ɗebo ƙasa ko ya karyo reshe ya damƙa wa mai saye, bishop kuma a ba shi zobe da sanda. Bikin nan shi ake kira "investiture", kuma ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, a kan wa ke da hakkin miƙa wannan zobe da sanda aka yi kusan shekara hamsin ana rigima tsakanin fafaroma da sarakunan Jamus. A cikin rigimar ne Sarki Henri na Huɗu ya je Kanosa a Italiya a watan Janairun 1077 ya tsaya cikin sanyin hunturu yana neman Fafaroma Giregori na Bakwai ya yafe masa, kuma ba a sasanta ba sai 1122 a garin Worms, inda sarkin wancan lokacin, Henri na Biyar, ya haƙura da ba da zobe da sandar. Duk a kan hannun wa rigar za ta fito.

Mu kuwa ai ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. Ba ma cewa an ba wane Galadima kawai, cewa muke an naɗa shi, kuma naɗi ai na rawani ne, a yafa masa alkyabba, in sarki ne a miƙa masa sanda. Ka san kuma duk wanda aka yi wa naɗi, rawanin yana kansa amma sarautar ba tasa ba ce ta gado-gado da zai sayar ko ya ba abokinsa aro, ranar da ya sauka ko ya rasu wani za a naɗa. To wannan hoton shi ne cikin kalmar "vest". Shi ya sa in na zo fassara ta ga mutanenmu ba na son in tsaya a "an ba shi", na fi son "an danƙa a hannunsa" ko "an rataya a wuyansa", don "an ba shi" tana iya sa mutum ya ɗauka kyauta ce.

Kuma wannan ba ƙawar magana ba ce, ka buɗe tsarin mulkin Najeriya na 1999 ka gani da idonka. Sashe na 4 ya ce ikon yin doka "shall be vested in a National Assembly". Sashe na 5 ya ce ikon zartarwa "shall be vested in the President". Sashe na 6 ya ce ikon shari'a "shall be vested in the courts". Duk ukun "in" ne, don duk ukun iko aka fara ambata. Wannan salon kuma daga tsarin mulkin Amurka na 1787 muka aro shi, can ma sassa ukun farko haka suka buɗe, na majalisa, na shugaban ƙasa, na kotu, kowanne da "shall be vested in". Amma ka sauka zuwa sashe na 14 na namu inda ake maganar asalin mulkin kansa, sai ka ga marubutan sun canza kalma, suka ce "sovereignty belongs to the people of Nigeria". Ka lura da kyau, jama'a aka ce wa "belongs to", wato nasu ne, shugaban ƙasa da majalisa da kotu kuma aka ce musu "vested in", wato an ajiye a wurinsu. Wallahi duk lokacin da na koya wa yara masu karatun lauya wannan wurin sai na tsaya a kansa, don mutum zai iya haddace sassan nan duka ya ci jarrabawa bai taɓa lura da cewa kalma biyu daban aka zaɓa ba.

Wani wurin da kalmar ta taɓa rayuwar kowa, har wanda bai taɓa shiga aji ba, shi ne dokar filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa a watan Maris na shekarar. Sashenta na farko ya ce duk ƙasar da ke cikin jiha an yi mata "vested in the Governor of that State", amma jimlar ba ta tsaya nan ba, ta ci gaba da cewa za a riƙe ta ne "in trust", amana kenan, don amfanin dukkan 'yan Najeriya. Dalilin kenan da ya sa takardar da ke hannunka ta fili sunanta satifiket na zama a wuri, wadda muke ce wa si-of-o, yawanci na shekara 99, kuma dalilin kenan da sashe na 22 ya ce in za ka sayar ko ka jinginar sai da amincewar gwamna. Mu a Arewa ma abin ba baƙo ba ne sosai, don dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta tafi a kan irin wannan tunanin. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake karanta rabin farko na jimlar a bar rabin ƙarshe, ka ji mutum yana cewa ai doka ta ce duk ƙasa ta gwamna ce. Doka ba ta ce haka ba. A hannunsa aka sa, kuma an faɗi don wa aka sa.

Akwai kuma wani salo da za ka ci karo da shi ka ɗauka an manta kalma, alhali daidai ne. Sashe na 44 na tsarin mulki, inda ake maganar ma'adinai da man fetur da iskar gas, cewa ya yi "shall vest in the Government of the Federation", babu "be" babu "-ed". Kalmar tana iya tsayawa da ƙafarta haka, ma'ana abin ya sauka a hannun wane da kansa ta ƙarfin doka. Lauyoyi na yawan amfani da shi a maganar gado da kadara. Kai dai a takardarku ba ka buƙatarsa, "shall be vested in" ta ishe ka, na faɗa ne don kar ka je kana gyara abin da ba kuskure ba.

To "confer" fa? Ita asalinta kawowa ne a miƙa, kuma bambancin da nake ji tsakaninsu a aikace shi ne, "vest" tana gaya maka inda iko yake zaune, "confer" kuma tana nuna maka hannun da ya miƙo shi. Shi ya sa in minista ko gwamna zai fitar da wata ƙa'ida za ka ga ya buɗe da "In exercise of the powers conferred on me by section" kaza, wato yana nuna maka sashen da ya miƙo masa. Haka sashe na 277 na tsarin mulki da ke maganar kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a jiha, ya ambaci ƙarin hurumin da dokar jiha za ta iya ba ta da cewa "conferred upon it". Sannan "confer" ta fi faɗi, ana yin ta da digiri da lambar girma da sarauta, "vest" kuwa ba a yin ta da digiri. In ka taɓa zuwa bikin yaye ɗalibai a jami'a ka kasa kunne lokacin da uban jami'a ya miƙe, za ka ji su biyun a numfashi ɗaya, zai ce da ikon da aka yi "vested in me", na yi "confer on you" digiri kaza. Ikon yana zaune a cikinsa, digirin yana sauka a kanku. Irin wannan buɗewar ce kuma kake ji a finafinan Amurka wurin ɗaurin aure, "by the power vested in me by the State of" kaza, don a can jiha ce ke ba mai ɗaura auren izini.

Sauran 'yan uwansu ba sai na ja ba. "Grant" da "to" take tafiya kuma ita ce ta yau da kullum, izini, lasisi, beli, biza. "Bestow" da "on" take tafiya kamar "confer" amma ta fi ƙamshin karramawa, kar ka sa ta a maganar sa hannu a cek. "Endow" da "with", ita kuma baiwa ce, irin wadda Amurkawa suka rubuta a takardar 'yancinsu ta 1776 cewa Mahalicci ne ya yi wa mutane "endowed" da wasu haƙƙoƙi. "Empower" da "authorise" su ne masu sauƙi, "is empowered to sign", "is authorised to sign", kuma in ka ji kanka ya ɗaure ka koma gare su babu wanda zai ce ka yi laifi.

Wadda nake so ka tsaya a kanta sosai ita ce "delegate", don a nan ne ƙungiyoyi ke faɗawa rami, ba a "in" da "on" ba. Ka ɗauki ɗaurin aure a wurinmu. Waliyyin yarinya, mahaifinta misali, ikon bayar da ita a wuyansa yake, ba wani ne ya ara masa ba a ranar. Amma sau nawa ka ga uba ya zauna a gefe ya ce wa ƙaninsa ko amininsa kai ne wakili, je ka bayar? To uban shi ne "vested", wakilin shi ne "delegated". Wakili yana aiki ne da ikon wani, iya abin da aka sa shi, mai ikon zai iya janyewa kafin a ɗaura, kuma wakili ba zai waiwaya ya ce wa wani na uku kai je ka yi ba tare da izinin wanda ya wakilta shi ba. Dokar Turawa ma haka ta ce, suna da tsohuwar ƙa'ida da Latin, "delegatus non potest delegare", wanda aka wakilta ba ya wakiltawa. Sashe na 5 ɗin da na ambata ma ai haka ya tsara, ikon yana wurin shugaban ƙasa, amma yana iya aiwatar da shi da kansa ko ta hannun mataimakinsa da ministoci, su ba a ce an yi "vesting" a cikinsu ba.

Kuma mun ga ranar da wannan bambanci ya tsayar da ƙasa cak. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, Allah ya jiƙansa, ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamban 2009 ba tare da an aika wa majalisa takardar miƙa aiki ga mataimakinsa da sashe na 145 na tsarin mulki ya ambata ba, mataimaki yana nan, ofis yana nan, amma ikon yana wuyan wanda ke kwance a asibiti, aka yi fiye da wata biyu ana ja-in-ja har sai ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisa ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi bisa abin da suka kira larura. Bayan nan ne aka gyara sashen aka sa wa'adin kwana 21 na aika takardar. In ƙasa guda za ta iya maƙalewa a kan wannan, to ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ma za ta iya, ranar da ciyaman ya tafi Umara ko ya kwanta ciwo kuma ga kuɗin makarantar marayu ana jira a fitar.

Haka takardar wakilci da ake ce wa "power of attorney", mutane da yawa suna sayen fili a ba su ita su tafi gida suna murna sun mallaka. Kotun Ƙoli ta faɗa tun 1993 a shari'ar Ude da Nwara cewa wannan takarda ba ta mayar da mallaka daga hannu zuwa hannu, wakilci ce kawai. Na taɓa zama da wani dattijo da ya riƙe irinta shekaru yana ganin gidan nasa ne, sai da mai gidan ya rasu magada suka taso, ranar da na yi masa bayani hawaye ya yi, ni ma abin bai bar ni ba har yau.

Ƙananan abubuwa biyu kafin in ba ka jimlar. Na farko, ka kula da rubutu, mu harshenmu ba shi da "v" sai mu furta ta kamar "b", kuma na sha ganin an rubuta "bested in". "Bested" kalma ce daban, ma'anarta an kayar da mutum, an fi ƙarfinsa, kuma kwamfuta ba za ta ja maka jan layi ba tunda kalmar tana nan a ƙamus. Na biyu, "invested". Asalinsu ɗaya, kuma "invested with authority" Turanci ne mai kyau, tsoho, amma yau da ka ce "invested in" hankalin kowa zuba jari zai tafi, to a takardar da ke maganar kuɗin ƙungiya ka nisance ta. Ita kuma "vested interest" da kake ji a labarai, a doka tana nufin haƙƙin da ya riga ya tabbata a hannun mutum ba wanda ake jira ba, a bakin 'yan jarida kuma ta koma nufin mai wata moriya a cikin abu wanda ba zai so a canza ba. "Divest" kuma kishiyar ce, tuɓewa, da "of" take tafiya, kamar dai yadda muke cewa an tuɓe rawaninsa.

Yanzu jimlarka. In ka bi ta tawa, kar ka sa ikon kuɗi a wuyan mutum ɗaya ko da kuwa amininka ne, ka rubuta "The power to operate the Association's accounts shall be vested in the Executive Committee", sannan a layi na gaba ka ce kwamitin "may delegate" sa hannu a cek ga ciyaman da ma'aji, su biyu tare, ka kuma faɗi wanda zai tsaya in ɗayansu ba ya nan da kuma kwana nawa za a jira. Kuma kujera za ka ambata, ba sunan mutum ba, "the Chairman" ba Alhaji wane ba. In kuna da niyyar yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin amintattu, wanda yanzu yake ƙarƙashin kashi na F na dokar kamfanoni ta 2020, to fili da gini da duk wata kadara ku rubuta "shall be vested in the Trustees", don da sunansu na rajista ƙungiya za ta riƙe dukiya, ba da sunan ciyaman na wannan zangon ba. In ka gama gyarawa ka turo min sashen kuɗin da na amintattun in duba maka kafin ku zauna taro na gaba.